Koriyar Fitilar Ƙafar Hagu: Nazarin Wata Matsala da Ta Yi Mako Bakwai Tana Ɓuya a Wata Hangar Kaduna

Jirgin ƙarami ne, mai inji biyu masu farfela, irin wanda ake ɗauka shata ya kwashi mutum takwas zuwa goma. A Kaduna yake kwana, ni kuma ina cikin injiniyoyi uku masu lasisi da ke sa hannu a kan aikinsa. Ba zan ambaci kamfanin ba, ba zan kira sunan kowa ba, don ba tonon silili na zo yi ba, kuma sa hannuna yana cikin takardun da suka kai mu ga abin da ya faru. Ƙannenmu da ke fitowa daga kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da cibiyar fasaha ta sojan sama da ke nan Kaduna, su na fi tunawa da na zauna rubuta wannan.

Yammacin da abin ya faru

Cikin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari har rana ta koma kamar faifai. Jirgin ya taso daga Maiduguri da fasinja bakwai, ya doso Kaduna gab da magariba.

A gaban matuƙi akwai ƙananan fitilu uku koraye na ƙafafun da jirgi ke sauka a kansu, ɗaya ta ƙafar gaba, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Idan ya sauke hannun ƙafafun, kowace ƙafa ta fito daga raminta ta miƙe ta kulle, sai ƙarfen da ya kulle ta ya danna wani ɗan makunni, makunnin ya kunna fitilarta. Matuƙi ba ya ganin ƙullin da idonsa, abin da fitila ta gaya masa shi ne iyakar saninsa. Ranar nan biyu suka kama, ta hagu ta ƙi. Jar fitilar da ke jikin hannun ta tsaya a kunne, da suka rage wutar inji kuma ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka.

Kyaftin ya fasa sauka, ya hau sama, suka buɗe takardar matakan gaggawa. Suka gwada ƙwan fitilar, lafiya lau yake. Suka bi matakan sauke ƙafa da hannu har ƙarshe, ba ta kama ba. Ya ratsa ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya a duba masa, aka ce ana ganin ƙafa uku a waje, amma a cikin wannan hazo da duhun magariba babu mai iya rantsuwa cewa ta hagu ta kulle. Sai ya nemi a yi shirin gaggawa. 'Yan kwana-kwana suka jeru gefen titin jirgi, fasinjoji suka sunkuya suka riƙe gwiwa, wasu na ta salati. Ya sauka a hankali, ya fara aza nauyi a ƙafar dama. Tayar hagu na taɓa ƙasa, jirgi ya ɗan girgiza, koriyar fitila ta kama.

Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Muka sa wa ƙafafun makullan ƙasa, muka ja jirgin zuwa hanga, wato rumfar gyaran jirage. Kamfani ya rubuta rahoton da doka ta wajabta zuwa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, jirgi kuma ya tsaya.

Abin da littafi ya ce

Kowane jirgin haya yana da littafin lafiyarsa, wanda a hanga muke kira tek-log. Shafinsa gida biyu ne: a ɗaya matuƙi ya rubuta abin da ya gani, a ɗayan injiniya ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu da lambar lasisinsa. Duk matsalar da aka rubuta, wadda muke ce wa sinag, tana ɗaure jirgi. Ba zai tashi ba sai an gyara, ko kuma a jinkirta gyaran bisa kundin da ya jera kayan da jirgi zai iya tafiya ba su. Kundin nan yana ba da wa'adi: wasu kaya kwana 3, wasu 10, wasu 120, wasu kuma da nasu sharaɗi na musamman. A kundin namu, fitilar kullewar ƙafa ba ta da sassauci ko na awa ɗaya.

Da safe babban injiniyanmu, wanda kowa ke kira Baba don ya fara aiki tun zamanin Nigeria Airways, tsohon kamfanin jiragen gwamnati, ya ce kada wanda ya taɓa sifana. Ya sa aka kawo shafukan wata uku, muka baje su a kan teburi. Da Turanci ake cika littafin, amma ga ma'anar abin da muka tarar.

Mako bakwai kafin nan, bayan dawowa daga Yola, wani matuƙi ya rubuta: fitilar ƙafa ba ta kama ba. Shi ke nan. Wace ƙafa, a wane lokaci, tsawon minti nawa, me ya yi ta dawo, duk babu. Kafin ƙaramin injiniyanmu ya iso jirgin, matuƙin ya kama hanyar gida. Yaron ya danna gwajin fitilu, duk suka kama. Ya canza ƙwai ukun don kawar da shakka, ya rubuta: an duba a ƙasa, babu matsala.

Mako uku bayan haka, dawowa daga Fatakwal, wani matuƙin daban ya rubuta: fitilar ƙafar hagu ta yi jinkirin kamawa. Wannan karon ni na karɓi aikin. Na ce makunni ne, domin yawanci shi ne. Na cire shi na sa sabo, muka ɗaga jirgi a jak, muka naɗe ƙafafu muka sauke sau uku, koraye uku kowane karo. Na rubuta: an canza makunni, an gwada, lafiya. Ban juya shafuka baya ba. Ban kira matuƙin na tambaye shi jinkirin na daƙiƙa biyar ne ko na minti biyar ba. Ban kuma gwada tsohon makunnin a kan benci in ga ko da gaske shi ne mai laifi ba. Na rataya masa jan kati na miƙa sito.

Ƙa'idar kamfaninmu ta ce matsalar da ta dawo sau uku cikin wata guda a ɗauke ta a matsayin mai maimaituwa, a buɗe mata bincike na musamman. To ko biyun da aka rubuta ma ba su haɗu a wuri ɗaya ba. A harkar jirgi kowane sashe yana da lambar babi: ƙafafu babi na 32, fitilu babi na 33. Mai shigar da bayanai a kwamfuta ya ga an canza ƙwai, ya jefa ta farko a 33. Ta biyu ya sa ta a 32. A idon kwamfuta, jirgin bai taɓa maimaita komai ba.

Abin da littafi bai ce ba

Baba ya sa aka kira duk matuƙan da suka tuƙa jirgin a wata biyun nan, ɗaya bayan ɗaya, a ofishinsa, ƙofa a rufe, shayi a gaba. Ya ce musu ba hukunci ba ne, ba kuma zai kai sunan kowa sama ba. Ya ɗauki kwali ya ja layuka: rana, daga ina zuwa ina, tsawon tafiya, tsayin da aka kai, wace fitila, me aka yi.

Kafin azahar kwalin ya cika da layi bakwai. Uku muka sani, har da na jiya. Huɗu ba mu taɓa gani a rubuce ba.

Ɗaya daga cikin huɗun, Kyaftin ya gaya wa wani bakanike ne da baki a wurin mai shayi, washegarin dawowarsu daga Legas. Bakaniken ya ce to, ya leƙa ramin ƙafar da tocila, bai ga komai ba, magana ta mutu a nan. Wani kuma saƙon WhatsApp ne aka tura wa jami'in tsara tafiye-tafiye daga Maiduguri, shi ya amsa da hoton babban yatsa. Sauran biyun wata mataimakiyar matuƙi ce ta tuna da su, sai da Baba ya yi ta lallashi kafin ta faɗa. A duka biyun, fitila ta ƙi, Kyaftin ya naɗe ƙafafun ya sake saukewa, ta kama, suka sauka, ya ce ai ta gyaru.

Baba ya tambaye ta, "'Yata, ke me ya hana ki rubutawa?"

Ta ce, "Baba, littafin a hannun Kyaftin yake. Shi bai rubuta ba, ni ce zan karɓi biro in rubuta a gabansa?"

Da aka zo kan Kyaftin ɗin, dattijo ne mai dubban awoyi a sama, bai yi musu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a Yola abin ya faru. In na rubuta a can, wa zai sa hannu? Ba mu da kowa a Yola. Jirgi ya kwana, a ɗauko injiniya daga Kaduna, mai shata ya rasa taronsa, oga ya kira ni. Kuma injiniyan zai zo ya danna ya ce lafiya lau. Na ga an yi haka sau biyu a littafin nan."

Baba ya yi shiru, ni kuma na sunkuyar da kai. Rabin maganarsa kuskure ne, rabi kuwa mu ta soka. Da muka sake duba kwalin muka ga dukkan huɗun da ba a rubuta ba a waje suka faru, inda babu injiniya. Waɗanda aka rubuta duk a Kaduna ne, inda rubutawa ba ta da tsada.

Sai abu na biyu, wanda shi ya buɗe mana ƙofa. Yola, Fatakwal, Legas, Maiduguri: duka bakwai ɗin doguwar tafiya ce, fiye da awa guda a tsayin da ya haura ƙafa 20,000. A cikin makonnin nan jirgin ya yi ta jigila tsakanin Kaduna da Abuja, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba kuma ba a hawa can sama, fitila ba ta taɓa ƙi ba ko sau ɗaya. Iska tana rage zafi da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Ko ana zufa a ƙasa, a can sama an wuce sifili, kuma ramin ƙafa ba a ɗumama shi. Ke nan abin da muke nema sanyi ne ke tayar da shi. Mu kuwa kullum da rana tsaka muke gwadawa, a ƙarƙashin kwanon hanga.

Neman wurin

Muka ɗaga jirgin a jak uku, muka haɗa masa wutar ƙasa. Naɗewa da saukewa sau goma sha biyu, koraye uku kowane karo, kamar yana yi mana dariya. Muka auna saitin makunnin da tazarar da kundin gyara ya bayar, daidai yake. Baba ya aika sito aka ɗauko tsohon makunnin da na cire, aka ɗora shi a benci aka yi ta dannawa da mita a jikinsa. Ƙalau yake. Na jefar da kaya mai kyau, na sa kamfani sayen sabo da dala.

Daga nan muka buɗe zanen wayoyi muka bi layin daga fitila zuwa makunni. Daga ɗakin matuƙi zuwa fuffuke wayar a kwance take, ba ta motsi. Inda take motsi guda ɗaya ne: ɗan tsakanin da ta bar jikin fuffuke ta sauko kan ƙarfen ƙafa, wurin da take lanƙwasawa duk lokacin da ƙafa ta shiga ko ta fito. Muka sa ƙaraminmu a kujerar matuƙi ya zuba wa fitila ido, ni na shiga ramin ina murza wayar taƙi-taƙi. Ba ta ko ƙifta ba. Sai Baba ya miƙo mini gwangwanin feshin sanyi irin na masu gyaran lantarki, ya ce in bi ta da shi tukuna. Na fesa daga fulogi zuwa sama. Da na iso bakin maɗaurin da ke riƙe wayoyin na fesa na ɗan taɓa, sai na ji yaron ya ɗaga murya daga ciki: "Oga, ta mutu!" Na ɗumama wurin da tafin hannu, ta dawo. Na sake fesawa, ta mutu. Sau biyar muka yi.

Daga waje wayar ba ta da ko tabo. Da muka yanke wurin muka tsaga rigarta, sililan tagulla 19 da ke cikinta duk sun karye a wuri ɗaya. Rigar ce kawai take riƙe da bakunan biyu suna taɓa juna. In da zafi, rigar tana da laushi, bakunan a manne suke, wuta na wucewa. In ta sha sanyi ta ƙage, ƙafa ta sauko ta ja ta, sai su rabu da tazarar da ba ta fi kaurin gashi ba. Girgizar sauka, ko sake naɗe ƙafa, ita ke mayar da su. Ranar da na canza makunni na motsa wayoyin, abin da ya sa suka zauna lafiya na ɗan lokaci har na ɗauka ni na gyara.

Saura tambayar me ya karya ta. Mun kwatanta da ƙafar dama, sai muka ga maɗaurin hagu ya sauka ƙasa da wurinsa da kamar faɗin yatsu biyu. Hakan ya cinye sassaucin wayar, kowace saukewa tana lanƙwashe ta a baki ɗaya, kamar yadda yaro ke karya wayar ƙarfe da hannu. Wa ya matsar da shi? Takardu sun nuna an canza tiyon birkin wannan ƙafa kusan shekara guda kafin nan, kuma ba a isa ga tiyon sai an kwance maɗaurin. Katin aikin ya ce an canza tiyo, an gwada birki. Bai ce an kwance maɗauri ba, balle a ce an mayar da shi an duba. Har yau zato muke yi, domin takarda ba ta faɗa ba.

Gyaran kansa bai kai awa uku ba: sabuwar waya, maɗauri a wurinsa, gwaji da feshi da kuma ba feshi, sannan tashin gwaji zuwa sama sosai.

Ba a kanmu aka fara ba

Mu fitila ce ta yi ƙarya alhali ƙafa na kulle, shi ya sa muke ba da labari. Wasu ba su samu haka ba.

Ranar 28 ga Disamba 2014 jirgin AirAsia samfurin Airbus A320 ya tashi daga Surabaya ta Indunusiya zuwa Singafo, ya faɗa teku da mutum 162. Masu bincike sun gano cewa na'urar da ke iyakance motsin filafilin wutsiyarsa ta ba da matsala sau 23 a cikin shekara guda kafin hatsarin. Tushen abin liƙin dalma ne da ya tsage a wani ɗan allon lantarki. Yawancin lokuta kashewa da kunnawa ake yi, gargaɗi ya ɓace, a rufe shafi. A tafiyar ƙarshe gargaɗin ya zo sau huɗu, a na huɗun aka katse wa kwamfutocin wuta aka mayar a sama, irin yadda Kyaftin ɗin jirgin ya ga an yi a ƙasa kwana uku kafin nan. Na'urar tuƙi da kai ta saki jirgi, matuƙan kuma suka kasa dawo da shi.

Hatsarin jirgin Lion Air na Indunusiya, Boeing 737 MAX, wanda ya faɗa teku da mutum 189 ranar 29 ga Oktoba 2018, ya fi kama da huɗunmu da ba a rubuta ba. Matuƙan da suka kawo jirgin Jakarta daga Bali daren da ya gabata sun sha fama: sitiyari na ta karkarwar gargaɗi, jirgi na danna hancinsa ƙasa da kansa, har sai da suka kashe makunnan na'urar da ke danna hancin suka ƙarasa da hannu. Da suka sauka, sun rubuta cewa ma'aunan gudu da na tsayi sun saɓa wa juna, amma ba su rubuta karkarwar ba, ba su kuma rubuta kashe makunnan da ya cece su ba. Injiniyoyi suka gyara abin da aka rubuta. Rahoton masu bincike ya ɗora nauyi mai yawa a kan yadda Boeing ta ƙera na'urar, wannan gaskiya ne, amma shafin nan yana cikin abubuwan da ya lissafa.

Inda na ga laifin yake

A taron da aka yi bayan nan, wasu manya sun so a ɗora wa ƙaraminmu, wai ya canza ƙwai ba tunani. Ban yarda ba, kuma na faɗa. An ba shi kalma biyar, babu hagu babu dama, mai rubutun ya tafi. Kuskurensa ɗaya ne, ya rufe shafin maimakon ya ɗauki waya. Nawa ya fi nasa girma, domin an gaya mini ƙafar hagu ce, kuma shafin farko yana nan ƙasa da yatsana.

Jimlar nan ta an duba a ƙasa babu matsala, ita na fi tsana yanzu. Gaskiya ce, amma ba ta ɗauke da komai. Ba ta faɗi me aka duba ba, da wane kundi, a wane yanayi. Mafi muni, tana koya wa matuƙi cewa rubutunsa ba ya haifar da komai sai ɓata lokaci. Kyaftin ya karanta ta, ya yanke hukuncinsa, kuma barin kashi a ciki bai yi masa maganin yunwa ba, don shi ne dai ya zagaya sararin Kaduna da mutum bakwai suna salati.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Da yawa cikinmu, matuƙa da injiniyoyi, in an ce mu bayyana matsala da Hausa sai mu yi minti goma muna zuba dalla-dalla, amma in an miƙo biro a ce da Turanci, sai mu taƙaita don gudun kuskure. Bayanin da ya fi amfani yana ƙarewa a wurin mai shayi.

Kamfani ya canza abubuwa kaɗan. Matuƙi ba ya barin jirgi sai injiniya ya karanta abin da ya rubuta a gabansa ya yi tambayoyinsa. A bangon murfin littafin an liƙa tambayoyi biyar: wane ɓangare, a wane mataki na tafiya, tsawon wane lokaci, a wane tsayi, me ka yi. Injiniya ba ya rufe sinag sai ya duba shafukan wata guda baya ya rubuta cewa ya duba. Duk kayan da aka cire bisa zato ana gwada su kafin su shiga sito. Katin aiki ya samu sabon layi na abin da aka kwance don a isa ga aikin. An kuma yi yarjejeniya da wani kamfanin gyara da ke da injiniyoyi a biyu daga cikin filayen da muka fi zuwa.

Sauran filayen har yanzu babu kowa, kuma gardamar ba ta mutu ba. Ɓangaren kasuwanci suna ganin mun mayar da kowane ƙiftawar fitila shari'a. Wata uku bayan nan, mataimakiyar matuƙin nan ta rubuta daga Yola cewa allurar man tankin dama ta faɗi zuwa sifili na kamar daƙiƙa goma a lokacin gangarowa, a tsayin ƙafa 12,000, sannan ta dawo da kanta. Layi huɗu cif ta cika. Jirgin ya kwana a can, mai shata ya yi fushi ya koma wani kamfani, ni kuma na kwana a mota a hanyar Jos da akwatin kayan aiki a kan cinya.